Yadda Ake Komawa Cin Kayan Gona Zalla, da Haɗa Askirim ɗin Mangwaro Ba Madara

Mai son rage nama, kifi, ƙwai da madara, ko ya bar su gaba ɗaya, ba sai ya shiga manyan kantuna neman baƙon abinci ba. Ɗan wake, ƙosai, shinkafa da wake da mai da yaji, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, faten tsaki da rama, awara, duk babu dabba a cikinsu tun asali. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman irin waken da muke ci, Nijar na biye da ita, saboda haka ginshiƙin wannan tsari yana nan a kowace kasuwa. Wasu likita ne ya ce su rage kitse, wasu cikinsu ne ba ya ɗaukar madara, wasu kuma tsadar nama ce ta kai su. Ko ma mene ne dalilin, ba haramta halal ake yi ba, kuma wanda ya ci naman layya ranar Sallah bai rushe komai ba. Abin da ake buƙata shi ne mutum ya san inda kayan dabba ke ɓuya a tukunya, ya kuma san abin da jiki zai rasa idan an cire su.

Kada a yi canjin dare ɗaya. A makonni biyun farko a gyara abinci guda kawai a rana, misali karin kumallo: kunun gyaɗa da ƙosai maimakon shayi da madara da ƙwai. Bayan nan a ƙara na rana, a bar na dare zuwa ƙarshe, domin miyar dare ce ta fi wuyar rabuwa da nama. Dalilin bi a hankali yana cikin hanji. Wake na ɗauke da wasu nau'o'in sukari da cikin ɗan Adam ba ya narkarwa, sai ƙwayoyin halittar da ke babban hanji su cinye su, su saki iska. Wanda ya tashi daga cin wake sau ɗaya a mako zuwa sau biyu a rana zai sha kumburin ciki, har ya ce tsarin bai karɓe shi ba. A jiƙa waken awa 8 zuwa 12, a zubar da ruwan jiƙon, a dafa da sabon ruwa har ya yi laushi sosai. Jiƙon yana rage buƙatar kanwa, kuma hakan alheri ne, don kanwa mai yawa tana lalata bitamin B1 da ke cikin waken. Waken suya kuwa dole ya dahu sarai. Ɗanyensa yana hana jiki amfana da furotin ɗin da ke ciki, wato sinadarin gina jiki.

Miya ce inda akasari ake karaya. An cire nama, an cire busasshen kifi, sai miyar kuka ta fito salam. Gyaran shi ne daddawa ta kalwa, a ƙara kusan rabin abin da aka saba sakawa, a soya albasa a mai har ta yi ja kafin a zuba kayan miya, sannan a ba miyar jiki da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, agushi ko riɗi. Awara da aka soya ta yi ɓawo tana zama tsoka a miyar dage-dage. Idan aka daskarar da ita a firiza, aka narke, aka matse ruwan kafin suya, tana yin ƙofofi ta shanye romo. A duba bayan kwalin dunƙulen ɗanɗano, domin wasu na ɗauke da kitsen kaza ko garin jatan lande. Haka man shanu a kan tuwo, nono a fura, da madara da ƙwai da ake sakawa a wasu burodi da cincin.

Maganar furotin ba ta kai yadda ake tsorata mutane da ita ba. Baligi na buƙatar kusan giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa, wato mai kilo 60 yana neman giram 48 a rana. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana ba da kusan giram 13, giram 100 na gyaɗa kusan 25, busasshen waken suya kuma ya haura 35 a giram 100. Hatsi yana da ƙarancin wani ɓangare na furotin da wake ke da shi a wadace, wake kuma yana da ƙarancin wanda hatsi ke da shi, shi ya sa tuwon dawa da miyar wake ko ƙosai da koko suke cike wa juna. Ba lallai sai a kwano ɗaya ba, in dai an ci duka a yini.

Inda ba a wasa shi ne bitamin B12. Babu shi a gero, babu a zogale, babu a dabino, duk abin da masu tallan garin ganye za su faɗa. Baligi na buƙatar mikirogiram 2.4 a rana, kuma hanta tana ajiye na shekaru, shi ya sa mutum zai daɗe yana jin garau kafin alamu su bayyana: kasala, ƙarancin jini, mantuwa, jin tafin ƙafa ko yatsu suna dindiris. Idan lalacewar jijiya ta yi nisa, ba kullum take warkewa ba. Ƙungiyar masu cin kayan gona zalla ta Ingila, Vegan Society, tana ba da shawarar shan ƙwayar B12 mai mikirogiram 10 kullum, ko 2,000 sau ɗaya a mako. Duk wanda ya bar kayan dabba gaba ɗaya ya fara sha tun makon farko. Mai ciwon suga da ke shan metformin ya gaya wa likitansa, domin maganin kansa yana rage B12 a jiki.

Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini yana nan a wake da ganye, sai dai jiki ba ya zuƙar sa da sauƙi kamar na nama. Matsa lemon tsami a kan kwaɗo, ko cin gwaiba ko lemo bayan abinci, yana taimakawa. Shayi kuwa yana tare shi, don haka a ba da tazarar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi. Kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi a neme shi a riɗi, zogale da garin 'ya'yan kuka, gishiri kuma a sayi mai aidin. Mai juna biyu da mai shayarwa su nemi shawarar asibiti kafin su fara. Madarar kwakwa, ta aya ko ta waken suya da aka yi a gida ba ta maye gurbin nonon uwa ga jariri, ko kusa.

Askirim ɗin mangwaro da ayaba

Wannan na mutum huɗu ne. Uwargida za ki tanadi ayaba 4 da suka nuna har ɓawonsu ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, manyan mangwaro 2 marasa zare, kwakwa 1 da ta ƙosa, dabino 4, ruwan lemon tsami cokali 1 babba, da gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka.

Ki fara da madarar kwakwa. Ki fasa, ki ɓanɓare naman, ki kankare baƙin bayan idan kina son ta fito fara tas, ki yanka ƙanana, ki markaɗa da ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabi. Ruwan ya zama mai ɗumi, ba tafasasshe ba, ba kuma na randa ba. Man kwakwa yana daskarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 24 a ma'aunin Celsius, saboda haka da hunturu idan kika sa ruwan sanyi za ki ga man ya manne a jikin blanda, madarar ta fito tsararo. Ki tace da ƙyalle mai tsabta, ki murɗe da ƙarfi. Tacen farko kawai ake so. Idan kin ƙara ruwa kin sake tacewa, wancan na dafa shinkafa ne. Ki sa a firij awa uku zuwa huɗu, kaurin zai taso sama. Shi za ki kwashe da cokali, rabin kofi ya isa.

Ki ɓare ayabar, ki yanka kauri kamar faɗin yatsa, ki yayyafa mata lemon tsamin ki juya. Lemon yana hana ta yin baƙi, yana kuma yanke zaƙin don kada ya gundura. Mangwaron ki yanka gutsi-gutsi, ya kai kamar kofi biyu. Ki shimfiɗa leda a faranti, ki jera su ba tare da sun hau juna ba, ki sa a firiza aƙalla awa 6. Idan kika zuba su a kwano ɗaya za su dunƙule su zama dutse guda, kuma nan ne wuƙar blanda ke karyewa. Kada ki daskarar da ayaba da ɓawonta, ɓare ta bayan nan wahala ce. Dabinon ki cire ƙwallon, ki jiƙa a ruwan zafi minti 20.

Idan sun daskare, ki fito da su su sha iska minti 5 zuwa 10. Ki fara markaɗa dabino da madarar kwakwa da gishiri har su yi sumul, sannan ki riƙa zuba 'ya'yan itacen kaɗan-kaɗan, kina kunnawa kina kashewa, kina tura na gefe ƙasa da cokali bayan kin kashe. Da farko zai yi ɓarɓashi kamar tsaki, har ki ɗauka ya lalace. A nan ne hannu ke kaiwa ga ruwa, kuma ruwan ne ke ɓata shi. Ki ci gaba, cikin minti biyu zuwa uku zai haɗe ya yi santsi. In injin ya gaza ja, ki ƙara madarar kwakwa cokali ɗaya kawai.

Ayabar ce ke yin aikin da madarar shanu take yi. Idan ta nuna, sitacin cikinta ya koma sukari, kuma sukari da kitsen kwakwa su ne ke hana ƙanƙara yin manyan ƙwayoyi. Da ayabar da ba ta gama nuna ba, askirim ɗin zai yi bauri ya kama harshe. Kankana ba ta dace da wannan haɗin ba, ruwanta ya yi yawa, ƙanƙara za ki samu mai garas-garas. Gwanda ko abarba suna iya maye mangwaro idan lokacinsa ya wuce, amma ayabar ta kasance aƙalla rabin haɗin. Idan mangwaro mai zare ne kawai a kasuwa, ki matse shi ki tace a rariya, ki daskarar da ruwan a mazubin ƙanƙara.

An fi jin daɗinsa nan take, da barbaɗen soyayyar gyaɗa ko kantun riɗi da aka farfasa. Gyaɗar a tsince wadda ta yi fumfuna ko ta canza launi, domin gubar da ke cikinta ba ta mutuwa da suya. In za a ajiye, ki zuba a roba mai murfi, ki manna leda a saman askirim ɗin kafin ki rufe, ki ci cikin mako ɗaya. Zai yi tauri fiye da na kanti, sai ki fito da shi minti 15 kafin a zuba. Wanda ya narke gaba ɗaya saboda ɗauke wuta, idan har yanzu da sanyinsa a shanye shi a kofi. Idan ya yi ɗumi ya kwana, a zubar, madarar kwakwa ba ta jure zafi.

Inda wuta ba ta zama awa shida a jere, akwai wata hanya. Ki dama garin kwanfulawa cokali 3 da madarar kwakwa kofi 2 tun tana da sanyi, ki sa sukari cokali 2, ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa har ya yi kauri ya tafasa na minti ɗaya. Ki sauke ya huce kafin ki zuba markaɗaɗɗen mangwaro da lemon tsami, domin tsami a kan wuta yana tsinka kaurin. Ki zuba a ƙananan kofuna, ki jera su a kula da ƙanƙarar saye, awa biyu ya kama.