Yadda za ka roƙi kwamfuta da INTERCAL

Duk ɗalibin da ya zo shagona a Tudun Wada yana kukan "ai kwamfutar ta san abin da nake nufi", INTERCAL, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, nake fara ɗora masa. Ɗalibai biyu na jami'ar Princeton, Don Woods da James Lyon, suka ƙirƙire shi a 1972 don tsokana kawai.

In kwamfutarka na aiki da tsarin Ubuntu, buɗe tagar umarni ka sauke shi da sudo apt install intercal. Sai ka buɗe sabon fayil, ka sa masa suna gwaji.i, ka rubuta layuka ukun nan:

DO .1 <- #1972
PLEASE READ OUT .1
DO GIVE UP

Layin farko ya ajiye lamba, na biyu ya roƙi a nuna ta, na uku ya ce an haƙura. Yanzu buga ick -b gwaji.i, sannan ./gwaji. Kar ka manta da -b ɗin nan, domin in babu shi ick, manhajar da ke fassara wa kwamfuta layukan, kan dasa maka kuskure da gangan lokaci-lokaci. Za ka ga MCMLXXII, wato da lambobin Romawa yake ba da amsa.

Sauran wasan na kan PLEASE, wato kalmar roƙo ta Turanci. Goge ta ka sa DO, ka sake gwadawa. Zai ƙi, ya ce ba ka da ladabi. Zuba ta a kowane layi, ya sake ƙi, wai ladabin ya yi yawa. Yakan so ta fito a kusan kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na layukan. Wani yaro ɗan Kawo ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Malam, wannan ai kawuna ne!"

A nan nake tsayar da su. Na'urar ba ta ji daɗin roƙon ba, ƙirga kalmar kawai ta yi.

An taɓa gwada sa ta yi hasashe da gaske. Warren Teitelman ya ƙera DWIM a shekarun 1960, ma'anarsa "yi abin da nake nufi", yana gyara kuskuren rubutu da kansa. Ni dai ban yarda da mai gyaran da ba ya tambaya ba. Makon jiya wayata ta mayar min da "Baba" zuwa "Baby", kuma surukina na tura wa saƙon.