Hattara da "hardly" a takardar neman aiki

'Yan'uwa, kusan duk inda kuka ga kalmar Turanci "hardly", ku sa "da ƙyar" a gurbinta.

"He works hard": yana aiki tuƙuru.
"He hardly works": da ƙyar yake taɓuka komai.

Na ga wani ƙanena ya rubuta "I hardly work" a takardar neman aiki, yana nufin shi haziƙi ne. Ya kira kansa malalaci bai sani ba. Abin ya dame ni.

Dabarar sa "da ƙyar" tana ci ne saboda a da kalmar tana nufin "da wahala", daga baya ta koma "da ƙyar".

Kada ku haɗa ta da "not", korewa na cikinta.

Inda dabarar ba ta ci: "Hardly had I arrived when…" Wannan "isowata ke da wuya sai…" ne.