Yadda Ake Ƙidaya Mutanen Gari da Kayan Amfanin Jama'a Kafin a Kai Koke

Duk takardar koken da ta ce "muna fama da matsalar ruwa" ta tarar da 'yan'uwanta jibge a kan teburin sakatariya, domin a ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361 na Jihar Katsina da wuya a sami garin da ba zai iya rubuta wannan jimla ba. Wadda ake tsayawa a karanta ita ce mai cewa: mutum kaza ne a garin, famfo kaza aka gina, kaza ke ba da ruwa, ga abin da ya kashe sauran. Ƙungiyar ci gaban gari za ta iya haɗa waɗannan alƙaluma da kanta cikin mako guda, da littafi da biro da alli.

Kada ku dogara da adadin da ke cikin takardun hukuma. Ƙidayar ƙasa ta ƙarshe an yi ta ne a watan Maris na 2006, inda aka ba Jihar Katsina mutum miliyan 5.8, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta. Abin da ma'aikatu ke yi shi ne su ɗora kusan kashi 3 cikin 100 a kan tsohon adadin kowace shekara. Da wannan lissafi garin da yake da mutum 1,000 a 2006 ya kai wajen 1,800 bayan shekara ashirin. Lissafin yana da amfani ga jiha gaba ɗaya, amma bai san unguwar da 'yan gudun hijira daga yankin Batsari ko Jibiya suka cika ba, bai kuma san ƙauyen da ya watse ba.

Kafin a fita

A fara da gaisuwa wurin dagaci, shi kuma ya sanar da hakimi, sannan ya tara masu unguwanni. Liman ya yi shela bayan sallar Juma'a, ya faɗi abin da za a yi da sakamakon. Wannan mataki ba ado ba ne. Tun 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, lokacin Katsina na cikinta, amma har gobe akwai dattijon da in ya ga baƙo da littafi a ƙofar gida zai rage mutanen gidansa. Wani kuma akasin haka yake yi, in ya zaci rabon taki ko tallafi ne, sai gida mai mutum tara ya koma goma sha biyar. Maganin duka biyun ɗaya ne: a faɗa tun farko cewa babu kuɗin da za a karɓa, babu kuma abin da za a raba.

Masu ƙidaya su fita bibbiyu, namiji da mace, 'yan unguwar da aka sani. Namijin ya tsaya a zaure da maigida, macen ta shiga ciki. In aka tura maza zalla, rabin jarirai ba za su shiga littafi ba. Mutum biyu za su iya gama tukunya 30 zuwa 40, wato iyalai masu girki ɗaya, a yini in ba su tsaya dogon zance ba. A guji ranar kasuwa. A ƙasar Daura, alal misali, wanda ya fita ƙidaya ran Lahadi a garuruwan da ke kewaye da Mai'aduwa zai tarar magidanta duk sun tafi cin kasuwa.

Tukunya ake ƙirgawa

A nan yawancin masu wannan aiki ke ɓata lissafi. Ƙofar gida ɗaya tana iya ɗauke da uba da 'ya'yansa uku masu aure, kowa da sashensa. In suna gandu, ana girki ɗaya, iyali ɗaya ne. In kowa ya ware tukunyarsa, iyali huɗu ne. Saboda haka a rubuta lamba da alli a jikin bangon zaure, nesa da alamar masu rigakafin shan-inna don kada a rikita su, sannan kowace tukunya ta sami harafi: 17a, 17b, 17c.

A kowane layi na littafin a rubuta lambar gida, sunan mai tukunya, yawan maza, yawan mata, yara 'yan ƙasa da shekara ɗaya, 'yan ƙasa da biyar, 'yan shekara 6 zuwa 11, nawa daga cikinsu ke zuwa firamare, da inda gidan ke ɗebo ruwa da rani.

Yadda ake tambayar ma yana da muhimmanci. Kada a ce wa mace "'ya'yanki nawa?" Wata ba ta son a ƙirga mata 'ya'ya saboda tsoron baki, wata kuma kunya ba za ta bar ta ta sa ɗan fari a lissafi ba. A ce, "Inna, kwano nawa kike zubawa da daddare, su wa da wa ke ci a kowane?" Daga nan sai a bi su ɗaya bayan ɗaya, har da ɗan riƙo da tsohuwar da ke ɗakin baya. Shekarun yaro kuwa da abin da ya faru ake gane su: kafin azumin bara aka haife shi ko bayan babbar salla, ya yi haƙori, an yaye shi, ya fara famfara. Yaron da ya fara famfara ya kai shiga aji ɗaya.

Ƙa'idar ita ce a rubuta wanda ya saba kwana a gidan. Ɗan ci-rani da ya tafi Kano ko Legas bayan kaka a ba shi shafi dabam, domin zai dawo da damina ya sha ruwan garin. Almajirai a ƙirga su wurin malaminsu, sau ɗaya, kada a sake ƙirga su a gidajen da suke karɓar abinci. Rugage da tungayen da ke ƙarƙashin dagacin a je musu takanas ta hannun arɗo, a kuma rubuta kimanin dabbobinsu, don a rijiya ɗaya suke sha da mutane. Macen da ta yi yaji tana gidan iyayenta, a tambaya a hankali, a sa ta wuri ɗaya kawai.

Da an gama, a gwada sakamakon da ma'aunin da ma'aikatan lafiya ke amfani da shi wajen shirin rigakafi: 'yan ƙasa da shekara ɗaya kashi 4 cikin 100 na jama'a, 'yan ƙasa da biyar kashi 20, masu juna biyu kashi 5, matan da ke shekarun haihuwa kashi 22. A ce kun sami mutum 2,400. Ya kamata jarirai su kusanci 96, 'yan ƙasa da biyar su kusanci 480. In littafinku ya nuna 'yan ƙasa da biyar 250, an tsallake yara, sai a koma unguwar da adadin ya fi faɗuwa a sake bi.

Ruwa

Manufar ruwa ta ƙasa ta shekarar 2000 ta ware wa mutumin karkara lita 30 a yini, a tazarar da ba ta wuce mita 250 ba, kuma kowane wurin ɗiban ruwa ya ɗauki mutum 250 zuwa 500. Garin mutum 2,400 ke nan yana buƙatar lita 72,000 kullum, wato jarka mai lita 25 guda 2,880, ban da dabbobi.

Kada a rubuta "famfo huɗu" a wuce. A je kowane ɗaya da jarka da agogon waya. Famfon tuƙa-tuƙa mai lafiya yana cika jarka cikin kusan minti biyu. In ana tuƙa shi awa takwas ba tsayawa, jarka 240 ke nan, lita 6,000, abin da zai ishi mutum 200 a kan ma'aunin lita 30. Wannan kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa layin jarkoki ke kaiwa har bakin masallaci a garin da ake cewa yana da ruwa.

Wanda bai da lafiya kuma a rubuta ciwonsa, don kuɗin gyara ya bambanta ƙwarai. In sai an yi ta tuƙi da safe kafin ruwa ya hau, ruwan na zurarewa ne da daddare, ko dai bawul ɗin ƙasa ya ci ko bututu ya huje. In hannun ya yi sakwaf babu nauyi, sarƙa ko sanda ta tsinke a ciki. In ana tuƙi da nauyi amma ruwan kaɗan ke fitowa, robobin silinda sun cinye. Duk waɗannan aikin makanike ne na yini ɗaya. In kuwa famfon na ba da ruwa da damina ya ɗauke a watan Afrilu, ruwan ƙasa ne ya sauka ƙasa da silinda. Wani lokaci ƙarin bututu ya wadatar, wani lokaci rijiyar ce tun asali ba ta yi zurfi ba. Shi ya sa gwajin ruwa ya fi kyau a yi shi tsakanin Maris da Mayu. Wanda aka yi a Agusta yaudarar kai ne.

Burtsatse mai sola a duba girman tanki, sau nawa yake cika a yini, kan famfo nawa ke zuba, faranti nawa suka rage a sama, da ko ƙurar hunturu ta rufe su. A rubuta wanda ke riƙe da makulli da wanda ke tara kuɗin gyara. In amsar ita ce "ba kowa," a rubuta haka, domin RUWASSA, hukumar samar da ruwa da tsaftar muhalli a karkara, da masu ba da tallafi sukan fara tambayar kwamitin kula da ruwa kafin komai. A ƙara da farashin jarka wurin 'yan garuwa a ranar da aka yi ƙidayar, da mintocin da yarinya ke ɓatawa daga fita zuwa dawowa, har da zaman layi. Ya wuce minti 30, a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF gidan bai sami ruwa yadda ya kamata ba.

Makaranta da asibiti

A makaranta lambobi uku ake so, kuma da wuya su zo ɗaya: yara 'yan 6 zuwa 11 da ke littafinku, waɗanda ke cikin rajistar hedimasta, da waɗanda kuka ƙirga da idonku a aji ranar Talata da ƙarfe goma. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibi 35 a firamare, don haka yara 420 na buƙatar malami 12. Ajin da iska ta yaye wa kwano ba ya shiga lissafin azuzuwa. A duba ban-ɗaki, musamman ko na 'yan mata a ware yake kuma yana da ƙofa. Wannan koke ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma yake bi zuwa SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, kuma ya fi nauyi in kwamitin kula da makarantar ya sa hannu.

Ma'aunin hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa shi ne ƙaramin ɗakin shan magani ga mutum 500, asibitin sha-ka-tafi ga 2,000 zuwa 5,000, sannan cibiyar lafiya ɗaya a kowace mazaɓa ga 10,000 zuwa 20,000. Tambayoyin da suka fi gini muhimmanci su ne: ma'aikaci nawa ke zuwa, akwai mai karɓar haihuwa da daddare, firjin allurar rigakafi na aiki, akwai ruwa a harabar. A auna nisan babban asibiti mafi kusa da kilomita da kuma kuɗin mota, sau biyu, na rani da na damina, a ambaci kwalbatin ko mashigin da ke yanke hanya in an yi ruwa.

Taransifoma, maƙabarta, mahauta, burtali da mashaya, layi ɗaya-ɗaya ya ishe su: akwai ko babu, yana aiki ko ba ya yi, tun yaushe.

Takardar kanta

Shafi ɗaya. A sama sunan gari, mazaɓa, gunduma da ranar ƙidaya. Sai yawan mutane da tukwane. Sai abin da ake da shi, abin da ke aiki, abin da ma'auni ya ce a samu, da giɓin da ke tsakani. A roƙi abu ɗaya ko biyu, a fara da mai araha. Gyaran famfo biyu ya fi saurin samun sa hannu a kan sabuwar burtsatse, kuma takardar da ta jero buƙata goma sha biyu ta ba mai karatu damar ya zaɓi wadda ba za ta yiwu ba ya ce babu kuɗi. A haɗa da hotuna masu kwanan wata. Dagaci ya buga hatimi, kansila ya sami kwafi, a kai ɗaya ofishin shugaban ƙaramar hukuma, a tabbata magatakarda ya buga tambarin karɓa a kan kwafin da za ku koma da shi.

Littafin kuma kada ya tafi tare da takardar. Ya zauna wurin sakataren ƙungiya, hotunan shafukansa a wayar mutum biyu. Kowane wata mai unguwa ya karɓo sunayen da aka raɗa daga liman da ungozoma, ya ƙara su, ya cire waɗanda aka yi wa jana'iza da amaren da aka kai wani gari, a sake bin gida-gida bayan shekara biyu.