Yadda za ki koya wa gwiwarki dira kafin ki taɓa ƙwallo

'Yan matanmu masu buga ƙwallo a Birnin Kebbi, ko a filin Haliru Abdu kuke tirenin ko a filin makaranta mai rairayi, don Allah ku daina shigowa fili kuna hawa kan ƙwallo haka nan jiki a sanyaye. Ciwon da ke ba ni tsoro shi ne tsinkewar jijiyar cikin gwiwa, wadda likitoci ke kira ACL, ta fi kama mata kan maza, kuma galibi ba wata ce ta taka ki ba, ke ce kika dira ko kika juya da gudu gwiwa ta karkace ta yi ciki. Wannan tsinkewar ce ta hana Leah Williamson kyaftin ɗin Ingila buga kofin duniya na 2023.

Akwai tsarin ɗumama jiki don rigakafin ciwo mai suna FIFA 11+, minti 20 ne kacal, ba ya son kayan aiki, a yi shi aƙalla sau biyu a sati. Ki fara da sassarfa ta minti 8, kina buɗe ƙugu, kina gudun gefe da na baya. Sai minti 10 na ƙarfi: ki kwanta rub da ciki ki ɗaga jiki kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, ki tsaya da ƙafa ɗaya kuna jefa wa juna ƙwallo, sannan ki durƙusa ƙawarki ta danne miki idon sawu ki riƙa faɗuwa gaba a hankali a hankali, wannan bayan cinya yake ginawa, sau 3 zuwa 5 ya ishi 'yar koyo don wallahi yana tsami.

To a cikin minti 10 ɗin nan akwai tsalle, shi ne fa zuciyar abin. In kin dira ki sauka kan gaban tafin ƙafa, ki lanƙwasa gwiwa da ƙugu kamar za ki zauna kan kujera 'yar tsugunno, gwiwa ta saitu da yatsun ƙafa, kar ta leƙa ciki ko kaɗan. In aka ji "dim" kin dira da ƙarfi, ki sake. Koci ya tsaya ta gabanki yana kallo, ko a ɗauke ki bidiyo da waya ki gani da idonki, don yarinya ba ta jin karkacewar a jikinta. Wadda ta iya birki da kyau ita ke saurin juyawa ta bar mai tsaron baya.

Minti 2 na ƙarshe gudu ne da yanke kwana. Lokacin zafin Afrilu ku bari sai bayan la'asar, da ruwan sha a gefe.