Yadda Ake Warware Babbar Lamba a Gane Irinta: Misali da 360,360

Komai tsawon lamba, daga wutsiya ake kama ta. Alƙalamin ƙarshe ne ke faɗa maka cika ce ko mara. 360,360 ta ƙare da sifiri, saboda haka cika ce, kuma 5 na raba ta. Sifirin nan guda ɗaya tak ya ƙara tona wani asiri: babu lambar da za a ninka da kanta a same ta, domin irin waɗannan lambobi sifirinsu na ƙarshe bibbiyu yake zuwa. Gwada ka gani, 600 sau 600 ya ba da 360,000, 601 sau 601 kuma 361,201.

Sai ka tara alƙaluman: 3+6+0+3+6+0 = 18. Tun da 9 na raba 18, tana raba lambar duka. Gwajin 7 da 11 da 13 kuwa lokaci ɗaya ake yin su, saboda 7 × 11 × 13 = 1,001. Yanka lambar uku-uku daga dama, ka debe wannan kashi, ka tara na gaba. A nan 360 − 360 = 0, ke nan dukkansu ukun sun shiga.

Ainihin aikin shi ne farfasa ta zuwa lambobin firam, waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da kansu. Yi ta rabawa da 2 har ta ƙi: 180,180, sai 90,090, sai 45,045. Sau uku ke nan. Da 3 sau biyu, 15,015 sannan 5,005. Da 5 ka sami 1,001. Yawancin kuskure a nan yake faruwa, mutum ya raba sau ɗaya ya wuce, alhali firam ɗin bai gama fita ba.

Ke nan 360,360 ita ce 2³ × 3² × 5 × 7 × 11 × 13, wato 2 sau uku, 3 sau biyu, sauran sau ɗaya-ɗaya; daga nan sauran bayani ke fitowa. Ƙara 1 a kan adadin fitowar kowane firam, don akwai zaɓin ƙin ɗaukarsa sam, sannan ka ninka: 4 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 192. Lambobi 192 ke raba ta ba saura. Jimlarsu 1,572,480 ce; cire ita kanta, saura 1,212,120. Wannan ya haura ta nesa, don haka tana ajin masu yalwa, wato lambobin da jimlar masu raba su ta fi su yawa. Da daidai ya zo, kamar 6 ko 28, kammalalliya za a ce mata. Yalwar 360,360 ba abin mamaki ba ce, ita ce mafi ƙanƙantar lambar da 1 zuwa 15 duk ke rabawa.

In lamba ta ƙi duk waɗannan gwaje-gwaje, kada ka yi saurin kiran ta firam. Dole ka gwada kowane firam har iyakar lambar da in an ninka ta da kanta za ta kai taka. Masanin lissafi Fermat ya ɗauka 4,294,967,297 firam ce, sai a 1732 wani masanin lissafin, Euler, ya nuna 641 sau 6,700,417 ce.