Matakan kauce wa jiri a doguwar tafiyar jirgin ruwa

Mu Katsinawa ruwan da muka saba gani bai wuce dam ɗin Jibiya ko na Zobe ba. To in za ka hau jirgin yawon shaƙatawa a Tekun Indiya, misali daga birnin Durban na Afirka ta Kudu zuwa tsibirin Moris, ga abin yi.

1. Tun wajen biyan kuɗi, nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawan ƙasa. Ɗakunan gaba su igiyar ruwa ta fi jijjigawa.

2. Kafin ka bar gida, shiga Babbar Kasuwa ka sayi busasshiyar citta, kuma likita ya rubuta maka maganin jiri.

3. Sha maganin kamar awa 1 kafin jirgi ya tashi, ba sai amai ya taso ba. Yana sa barci fa.

4. Da ka ji kai ya fara juyawa, ajiye waya. Ido na ganin ɗaki a tsaye, cikin kunne kuwa na jin motsi, wannan saɓanin ke kawo jiri. Fita sarari, ka kafe ido inda sama ta haɗu da ruwa, ka tauna cittarka.

5. Ci kaɗan-kaɗan, banda maiƙo, ka yawaita shan ruwa saboda zafi.

6. In tsayuwa ta gagara lokacin sallah, yi a zaune.