Yadda Ake Ƙiyasta Kuɗin Tsohuwar Bindigar Farauta

A Sakkwato ba a cika tambayar kuɗin tsohuwar bindiga ba sai ranar rabon gado. Mai gida ya rasu, an fito da kayansa, sai ga bindiga naɗe cikin tsumma, kuma dole a yi mata kuɗi kafin kowa ya san rabonsa. A nan ake yin ɗaya daga cikin kurakurai biyu: ko a ɗauke ta tsohon ƙarfe a sallama ta da arha, ko wani yaro ya ga farashin irinta a intanet ya ɗaga hankalin gida da maganar miliyoyi. Tsufa kaɗai ba ya sa bindiga tsada. Abin da masu tara irin waɗannan kaya ke biya shi ne sunan maƙerinta, da zamanta yadda ta fito daga hannunsa, da takardar da ke bayanta.

Kafin komai a tabbatar babu harsashi a ciki, bakin kuma kada ya kalli kowa. Bindiga mai karyewa a tsakiya ko mai sakata, buɗewa za a yi a leƙa. Bindigar toka ce ke da haɗari, domin ba a ganin cikinta. A zura sandar ɗuri har ta tsaya, a yi alama daidai baki, a zaro a gwada ta a jikin bututun daga waje. In ba ta kai wurin ramin wuta ba, akwai ɗuri a ciki, kuma albarushi yakan shekara da shekaru bai mutu ba. A kira maharbin da ya san aikin ya cire.

Daga nan a ajiye samfefa, a ajiye burushin ƙarfe. Kada a kai ta wurin mai walda ko mai fenti da sunan gyara. Wannan duhun da ƙarfen ya yi, da sulɓin da hannu ya bari a jikin ƙota, su ne shaidar asali, kuma in an kankare su ba sa dawowa. Bindigogi da yawa sun yi asarar darajarsu a hannun masu son su, ba a hannun tsatsa ba. Tsumma mai laushi da ɗigon man keken ɗinki sun isa. Man gyaɗa da manja daskarewa suke yi su kama ƙura, baƙin mai kuma ratsa katako yake yi ya ruɓar da shi.

Sai a karanta abin da ke jikinta, da rana, a inuwa mai haske. Sunan kamfani yakan zauna a saman bututu ko a gefen makulli, amma suna shi ne abin da ya fi sauƙin ƙaryatawa. Abin dogaro shi ne hatimin gwaji, ƙananan tambura da hukumar gwajin bindiga ke bugawa a ƙarƙashin bututu. A bindiga mai baki biyu sai an cire katakon gaba an raba bututun da jiki kafin a gan su. Birmingham ta Ingila ta buɗe gidan gwajinta a 1813. In an ga sanduna biyu a gicciye da kambi a sama, ɗaya da haruffan BPC ɗaya da V, ƙirar tsakanin 1813 da 1904 ce. Kambi a kan BV, BP ko NP na bayan 1904 ne, BNP kuma daga 1954 ya fara. Rubutun NOT FOR BALL yana nuna shekarun 1875 zuwa 1887. Haruffan ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai hatimin birnin Liyej ne na Beljiyam, wanda aka ɗora wa kambi daga 1893. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci a wurinmu, domin Liyej ta ƙera bindigogin fatauci masu arha da yawa da aka shigo da su Afirka ta Yamma, wasu da sunaye masu kama da na manyan kamfanonin Ingila. Wanda ya ga "W. Richards" tare da ELG, kada ya zaci Westley Richards ce.

Sunayen da ke ɗaga farashi sanannu ne: Holland & Holland, James Purdey, John Rigby, Westley Richards, W.W. Greener, sai Mauser ta Jamus da Mannlicher-Schönauer ta Ostiriya. Girman harsashi ma yana magana. Masu saye na neman na manyan namun daji, irin su .375 H&H da ya fito a 1912, da .416 Rigby na 1911, da 9.3x62 na 1905. Baikal ta Rasha bindiga ce mai ƙarko, amma an ƙera ta da yawa sosai, don haka kuɗin aiki gare ta, ba kuɗin tarihi ba. A kwafe lambar jiki daidai. A bindiga mai sakata, lambar da ke kan sakatar dole ta dace da ta jiki. In sun bambanta an yi musanye, farashi ya sauka. Manyan kamfanonin Ingila da aka ambata da dama suna riƙe da tsofaffin littattafan cinikinsu, kuma in an aika lamba da hotuna aka biya kuɗin bincike sukan faɗi shekarar ƙira da wanda ya fara saye.

Yanzu cikin bututu, inda rabin hukunci yake. A sa farar takarda a gindi a haska ta da tocila, a leƙa ta ɗaya gefen. A bindiga mai harsashi guda ana so a ga layukan da ke murɗe a ciki da kaifinsu tun daga gindi har baki. In sun shafe kusa da gindi, an yi harbi da yawa. In cikin ya yi baƙi da ƙananan ramuka kamar zanzana, tsatsa ce ta ci, galibi saboda tsofaffin harsasai suna barin gishiri mai jan danshi in ba a wanke bayan harbi ba. Zoben duhu a wuri ɗaya alamar kumburi ce, an taɓa harbi da wani abu toshe a ciki. A shafa yatsu a waje za a ji tudun. Wannan aibi ne babba.

Mai baki biyu tana da nata gwajin. A rataye bututun da yatsa ta ƙugiyarsa a ƙwanƙwasa shi da farce: ƙara mai tsawo na nuna haɗin yana nan, ƙara a dushe na nuna dalmar da ta haɗa su ta saki. A mayar da bututun ba tare da katakon gaba ba, a riƙe ƙota a girgiza. In yana motsi, ko siririyar takarda na shiga tsakaninsa da jiki, mahaɗin ya ci. A auna tsawo da tef. Yawanci inci 28 ne ko 30, kuma tsawon da bai cika lissafi ba yana sa zargin an yanke baki. Bututun da ke da zane kamar igiyar ruwa, wanda ake kira Damaskas, yana da kyau a ido kuma yana da masu so, amma kada a sa masa harsashin zamani don gwaji. Tsofaffin bindigogin Ingila da yawa ɗakin harsashinsu inci 2½ ne, na kasuwa yanzu kuwa 2¾. Ƙiyasta kuɗi ba ya buƙatar harbi ko ɗaya.

Bushewar ƙasarmu tana tausaya wa ƙarfe, katako take wahalarwa. Hunturu na tsaga ƙota a siririn wuyanta, bayan kunama, wurin da hannu ke kamawa. A murɗa a hankali a ga ko tsagar za ta buɗe. A duba ramukan gara, da kan kusoshin da sukundireba ta lalata, da ramukan da aka huda daga baya don ɗora madubin saiti. Ɗaurin jar fata ko waya da maharba ke yi aibi ne a bindigar Turai, amma a bindigar toka ƙirar gida, fata da layu da tagulla wani ɓangare ne na tarihinta, kada a cire.

Tarihin baki ba ya shiga lissafi sai da shaida. Gidaje da yawa na cewa tasu ta ga yaƙin Giginya na 1903, wanda Turawa suka ci Sakkwato a cikinsa. In hatiminta na bayan 1904 ne, magana ta ƙare. Tsohon lasisi, rasit, hoton mai ita riƙe da ita, ko akwatinta na asali, su ke ƙara kuɗi.

Wajen sa adadi, a nemi bindigogi uku zuwa biyar masu suna ɗaya, girman harsashi ɗaya, lafiya kusan ɗaya, da aka riga aka sayar a gwanjo irin na Holts ko Bonhams a Ingila. A ɗauki kuɗin da aka sayar, ba wanda mai kaya ya nema ba. A ce an samu fam 900 da 1,100 da 1,400: a fara daga na tsakiya, a rage kuɗin kowane gyara da ake buƙata, a rage la'adar masu gwanjo, a ƙara ragewa in an taɓa sake fenti.

Wannan adadin kuma na can ne. A nan doka ce ke yanke wanda zai iya saye. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar toka ƙarƙashin lasisin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, bindigar farauta ta zamani ƙarƙashin Sufeto Janar, ta kuma sa masu harsashin soja irin .303 da 7.62 cikin waɗanda aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa. Lasisin mamaci ba ya zama na magaji, kuma ba a miƙa bindiga ga wanda ba shi da nasa. A halin tsaron da yankinmu ke ciki, duk mai sayen da ya ce a bar maganar takarda, a rabu da shi komai yawan tayinsa. Makami ƙirar gida da aka yi kafin 1918 kuma kayan tarihi ne a dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta 1979, ba a sayar da shi ga kowa ko fitar da shi waje sai da izininta. Irin wannan, a ɗauki hotunansa a kai Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a nemi shawara, bindigar kuma ta zauna a gida a kulle har 'yan sanda su faɗi yadda za a yi da ita. A takardar gado a rubuta adadi biyu dabam, na gwanjon waje da wanda mai lasisi a nan zai iya biya, a yi rabo da na biyun.